London Eye: Yadda lilon da ba ya tsayawa yake aiki, da abin da kuɗin tikitinka ke saya

Duk mai ɗan'uwa ko aboki da ya je karatu Ingila, da wuya a ce bai taɓa ganin hoton nan ba: mutum a tsaye bakin kogi ya naɗe wuya saboda sanyi, a bayansa ga wani ƙaton farin wili ya tokare sama. Wilin nan shi ne London Eye, wato "Idon Landan". Tsayinsa mita 135 ne, kusan tsayin bene mai hawa 40, kuma sama da mutum miliyan uku ke biyan kuɗi su hau shi a shekara.

Mu da muka saba da lilon wuraren wasan yara na lokacin sallah, da mun ji an ce lilo sai mu ɗauka za a yi ihu, ciki ya kaɗa, a sauko ana jiri. Wanda ya je London Eye da wannan tunanin zai sauko yana cewa an cuce shi. Abin yana tafiyar hawainiya, ƙasan ɗakin da kake tsaye ba ya ko karkata, har kofin shayi za ka iya ajiyewa bai zube ba. To wannan rashin motsin shi ne hajar da ake sayar maka, kuma nan ne injiniyoyi suka zuba basirarsu. Idan ka fahimci yadda na'urar take aiki, za ka san lokacin da ya dace ka je, da irin tikitin da za ka yanka, da kuma ranar da ya fi maka ka bar kuɗinka a aljihu.

Daga Shikago zuwa bakin kogin Thames

Asalin manyan lilo irin wannan gasa ce tsakanin ƙasashe. A 1889 Faransa ta nuna wa duniya hasumiyar Eiffel a Faris. Da Amurka ta tashi shirya nata baje kolin a Shikago a 1893, sai aka shiga neman abin da zai kere wa na Faransawa. Wani matashin injiniyan gadoji mai suna George Ferris ya kawo shawarar wili mai tsayin mita 80, mai ɗakuna 36, kowanne yana cin mutum 60. Injin tururi ne ke juya shi, kuɗin hawa santi 50. Mutane sun hau shi fiye da miliyan ɗaya, amma shi mai shi bai ci moriyarsa ba: ya rasu a 1896 yana da shekara 37, cikin bashi da shari'a, wilin kuma aka tarwatsa shi da nakiya a 1906. Sunansa dai ya tsira, don har gobe Turawa da shi suke kiran irin wannan lilo.

Shekara ɗari cif bayan Shikago, a 1993, aka sa gasa a Landan ta zana wani gini da zai zama alamar shiga shekara ta 2000. Wasu masu zanen gine-gine, miji da mata, David Marks da Julia Barfield, suka shiga da zanen wili. Alƙalan gasar ba su zaɓi kowa ba. Maimakon su ninke takardunsu su ajiye, sai ma'auratan suka kafa kamfani, suka nemi izini da kansu, daga baya kamfanin jiragen sama na British Airways ya shigo da kuɗi. Firayim Minista Tony Blair ya ƙaddamar da shi ran 31 ga Disamba 1999, amma saboda wata matsalar na'ura sai a watan Maris na 2000 aka fara ɗaukar jama'a. Izinin farko na shekara biyar ne kacal. Yau ga shi ya haura shekara 20, shi ne ake harba wasan wuta a jikinsa duk daren sabuwar shekara.

Wilin keke ne, ba wani abu ba

Ka je wurin mai gyaran keke ka ɗauki wili ɗaya da aka cire wa taya. Ka zare waya ɗaya daga cikin siraran wayoyin da suka haɗa cibiya da baki. Za ka iya lanƙwasa ta da yatsu biyu. Amma idan suna ɗaure a wilin, sai ka ga keke ya ɗauki ƙato da buhun masara bai ce uffan ba. Sirrin yana wurin ɗauri. Siririyar waya ba ta da ƙarfi idan ka danna ta, amma idan ka ja ta, tana da ƙarfi ƙwarai. Mai gyara yana ɗaure kowace waya tamau, duk suna jan bakin wilin zuwa ciki, shi kuma bakin da yake zobe ne sai ya matse kansa ya ƙi shiga. Daga wannan ja-in-ja ne wilin ke samun tauri.

Haka aka gina London Eye. Faɗin zoben mita 120 ne, ya zarce tsawon filin ƙwallo. Babu sandunan ƙarfe da suka tokare shi daga tsakiya. Igiyoyin ƙarfe 64 ne suka haɗa shi da cibiya, ga wasu 16 da aka karkata su don cibiyar ta riƙa bin zoben idan yana juyawa. Shi ya sa idan ka hango shi daga nesa kamar zoben yana shawagi ne a iska, igiyoyin ba su cika fitowa a hoto ba.

Akwai bambanci guda da keke wanda ya kamata a lura da shi. A keke, ƙasa ce ke tallafe da wili. A nan kuwa wilin rataye yake a jikin sandar tsakiya, babu inda nauyinsa ya sauka a ƙasa. Saboda haka igiyoyin da ke ƙasa a kowane lokaci su ne ke ƙara shan ja, na sama kuma su ɗan sassauta. Dole a ɗaure su tun farko da ƙarfin da ko na saman ba za su taɓa yin sako-sako ba. Da yake wilin juyawa yake yi, igiyar da ke sama yanzu ita ce a ƙasa bayan minti 15. Ke nan kowace igiya ana ja ana saki, ana ja ana saki, sau biyu a sa'a idan ka ƙirga zagaye, shekara da shekaru. Ƙarfe yana gajiya da irin wannan, kamar yadda za ka karya waya idan ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya. Wannan na daga cikin dalilan da ya sa ake yawan binciken irin waɗannan na'urori, kuma London Eye kan rufe na wasu kwanaki a watan Janairu don gyaran shekara. Mai shirin zuwa a watan ya fara duba shafinsu.

Abin da ya fi burge ni a ginin shi ne yadda aka tsayar da shi. Yawancin lilo ƙafafu ne hagu da dama, sandar tsakiya ta hau kansu kamar gasa nama a tsinke. London Eye gefe ɗaya kawai aka riƙe shi. Ƙafafu biyu ne masu siffar harafin A, an kafa su a tudu, suka sunkuya wajen kogi, wilin kuma yana lilo a saman ruwan Thames. Abin da ya hana shi kifawa cikin kogi igiyoyi ne da suka taso daga ƙolin ƙafafun suka koma baya, aka ɗaure su a wani makeken tushe na kankare da ke binne a ƙarƙashin lambun Jubilee. Ƙafafu na shan danna, igiyoyi na shan ja. Ka miƙa hannunka ɗaya ka riƙe bokitin ruwa nesa da jikinka, za ka ji yadda bayanka ke ja don kada ka faɗi. Aikin da igiyoyin nan ke yi ke nan dare da rana. Cibiyar da sandar tsakiya kaɗai sun haura tan 300.

Ba a tsaye aka haɗa shi ba. An kawo sassan ta ruwa a jiragen dakon kaya, aka shimfiɗa su kwance a kan dandamalin da aka kakkafa cikin kogin, aka harhaɗa. An ƙera zoben a Holan, igiyoyi daga Italiya, boris daga Jamus, an zuba cibiya da sandar tsakiya a Jamhuriyar Cek, ɗakunan kuma kamfanin Poma na Faransa ne ya yi su. Yunƙurin farko na tayar da shi a Satumban 1999 bai yi nasara ba. A Oktoba aka sake, ana ɗaga shi digiri biyu a sa'a har ya kai digiri 65, aka bar shi a karkace a saman kogi na mako guda, sannan aka ƙarasa.

Ɗakin da ke juyawa don kada kai ka juya

A lilon da muka sani, kujera rataye take a ƙugiya. Nauyi ne ke sa ta kallon ƙasa, ba ta buƙatar wuta ko kwamfuta. Dabara ce mai araha kuma da wuya ta lalace, sai dai tana da aibi biyu. Na farko, tana kaɗawa: idan iska ta buso ko mutane suka taru a gefe ɗaya, sai ta karkata. Na biyu, idan ka kai ƙololuwa, kana rataye ne a ƙarƙashin ƙarafa, su tare maka rabin kallon da ka biya kuɗi dominsa.

A London Eye an maƙala ɗakunan ne a wajen zoben. Kowane ɗaki mai siffar ƙwai ne, kusan duk jikinsa gilashi, nauyinsa kamar tan 10, yana ɗaukar mutum har 25. Yana zaune ne cikin wasu zobba biyu da ke manne da babban wilin, injin lantarki kuma yana mirgina shi a cikinsu. Idan wili ya juya digiri ɗaya gaba, ɗaki ya juya digiri ɗaya baya. Sakamakon haka, idan ka kai sama, ɗakin yana zaune ne a kan wilin kamar hula, babu ƙarfe ko ɗaya a saman kanka.

Bari mu yi ɗan lissafi. Zagaye ɗaya digiri 360 ne a minti 30. Digiri 12 ke nan a minti, ko digiri ɗaya a duk daƙiƙa biyar. Mai fara koyon rubuta manhaja zai ce ai abu ne mai sauƙi: a sa agogo, duk daƙiƙa biyar a juya ɗaki digiri ɗaya. To idan aka rage gudun wilin fa, ko aka tsayar da shi don mai keken guragu ya shiga? Idan injin ɗakin ya ɗan yi nawa da abin da bai kai rabin digiri ba a kowane zagaye, kuskuren taruwa zai yi ta yi, kafin la'asar mutane suna zamewa gefe guda. Shi ya sa tsari irin wannan ba ya dogara da zato. Ana auna karkatar ƙasan ɗakin ne kai tsaye, a kwatanta da yadda ya kamata ta kasance, a gyara, a sake aunawa, ba ƙaƙƙautawa. Irin na'urar da ke gane karkata tana cikin wayarka. Ita ce ke juya allo idan ka kwantar da wayar. Idan Allah ya kai ka, buɗe manhajar auna daidaito ka ɗora wayar a kan bencin da ke tsakiyar ɗakin, ka ga ko lambar za ta gusa.

Ɗakunan 32 ne, adadin gundumomin Landan. Amma lambobinsu sun kai 33, domin an tsallake 13 saboda camfin Turawa. 'Yan'uwana masu rubuta manhaja sun san irin ciwon kan da wannan ke jawowa: ka ɗauka lambar abu ita ce matsayinsa a jeri, daga ɗaki na 14 zuwa sama duk lissafinka ya goce da ɗaya.

Me ke juya shi, kuma don me ba ya tsayawa?

Da yawa za su ɗauka akwai wani gagarumin inji a cibiya. Babu. Daga baki ake tura shi, a ƙasa kusa da inda ake shiga. Tayoyin roba ne irin na babbar mota suka matse gefen zoben, injuna masu aiki da matsin mai suna juya su, su kuma suna murza wilin. Ka gwada tura ƙofa daga kusa da maƙalinta, sannan ka tura ta daga mariƙi, za ka gane dalili. Idan ka yi nesa da tsakiya, ƙarfi kaɗan ya ishe ka.

Ga wani sauƙin kuma: wili a daidaice yake. Duk ɗakin da ke hawa, akwai takwaransa da ke sauka a ɗaya gefen, nauyin wannan na taimakon ɗaga wancan. Abin da ya rage wa injuna shi ne gogayyar boris, da iska, da bambancin nauyin fasinjojin gefen biyu.

Gudunsa santimita 26 ne a daƙiƙa, bai kai kilomita ɗaya a sa'a ba. Mai tafiyar ƙafa ta yau da kullum ya ninka shi sau biyar. Saboda haka ba a tsayar da shi don shiga ko fita. Ƙofa na buɗewa, na ciki su fito, ma'aikata su leƙa su duba ko an bar wani abu, sababbi su taka su shiga, duk yana tafiya. Ana tsayar da shi ne kawai idan akwai tsoho ko mai buƙata ta musamman. Masu tsoron jiri su kwantar da hankali: ƙarfin da ke fizgar mutum waje a irin wannan gudun bai wuce kashi ɗaya cikin dubu goma na nauyin jikinsa ba. Jiki ba ya ma jin sa. Wanda ke da tsoron tsayi dai, wannan daban ne, ya zauna a benci ya riƙa kallon nesa maimakon ƙasa.

Wannan rashin tsayawar yana ba ka hanyar auna layi. Ɗaki 32 a minti 30 na nufin ɗaki ɗaya na isowa kusan duk daƙiƙa 56. Idan ana cika su, mutum 800 ke nan a zagaye, 1,600 a sa'a. Ka ƙiyasta mutanen da ke gabanka, ka raba da 25, abin da ya fito kusan shi ne mintocin da za ka jira. Mutum 400 a gabanka, kamar kwata ɗaya na sa'a ne. Akwai tikiti mai tsada na tsallake layi, kuma a ganina ba kullum yake da amfani ba. A ranar aiki da safe, lokacin da makarantu ba sa hutu, asarar kuɗi ce. A hutun bazara ko ƙarshen mako da rana tsaka, musamman ga mai tafe da yara, zai iya biyan kansa.

Ina iyakar abin da za ka hango?

Masu wurin suna cewa a rana mai haske ana hangen nisan kilomita 40, har fadar Windsor. Ba cika baki ba ne, lissafi ya yarda da su. Da yake duniya a dunƙule take, nisan da ido ke kaiwa kafin ƙasa ta lanƙwashe ya danganta da tsayin da kake. Ƙa'idar ita ce: ka nemo lambar da idan ta ninka kanta za ta ba ka tsayinka a mita, sai ka ninka ta da 3.57, amsar a kilomita take. Ga mita 135, lambar ita ce 11.6, amsa kuma kusan kilomita 41.

Yanzu gwada da Ain Dubai, wanda shi ne mafi tsayi a duniya, mita 250. Lambar ita ce 15.8, amsa kilomita 56. An kusa ninka tsayi, amma nisan hange ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Daga nan za ka gane cewa tseren tsayin da birane ke yi na neman suna ne fiye da na kallo. London Eye ya riƙe kambun har 2006, sai na birnin Nanchang a ƙasar Sin ya karɓe da mita 160, Singapore Flyer ya zo a 2008 da mita 165, High Roller na Las Vegas a 2014 da mita 167 da ɗoriya, sai Dubai a 2021. Duk sun fi na Landan tsayi, amma har yanzu shi ne ya fi su suna, saboda inda aka dasa shi. A tsallaken kogi ga ginin majalisar dokoki da hasumiyar Big Ben kamar ka miƙa hannu. Ga fadar Buckingham a yamma, ga majami'ar St Paul da dogon benen Shard ta gabas. Yawancin abin da za ka more bai wuce nisan kilomita uku ko huɗu ba.

Kilomita 40 ɗin nan kuwa sai sama ta yarda, kuma sararin Landan ba shi da alƙawari. Ranar da aka tashi da hazo ko yayyafi, gilashi ya jiƙe, za ka biya kuɗi ne ka kalli toka-toka. A nan ciniki yake da sarƙaƙiya: tikitin da aka saya ta intanet tun da wuri ya fi araha, amma an ɗaure shi da rana da lokaci, alhali hasashen yanayi bai cika zama abin dogaro ba sai saura kwana biyu ko uku. Shawarata, ka jira har hasashen ya fito sannan ka saya, ko da zai ɗan ƙaru. Gara ƙarin fam kaɗan da asarar duka.

Lokacin da ya fi kyau shi ne ka shiga saura kamar minti 20 rana ta faɗi: ka hau da haske, ka sauko fitilun gari sun kunnu. Sai dai ka duba lokacin faɗuwar rana na ranar, domin can ba kamar nan ba ne. A Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma magariba ta yi, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Ka tuna kuma cewa ƙololuwar tana zuwa ne a minti na 15, kuma lokacin da za ka yi a can sama bai fi 'yan mintoci ba. Mutane kan cinye zumuɗinsu da batirinsu a minti biyar na farko, suna ɗaukar hoton rufin gidaje.

Kan hoto, babban abokin gabarka gilashi ne. Kashe filasha gaba ɗaya. Matsa da idon kyamara dab da gilashin, ka kare gefe da tafin hannu don inuwar mutanen ɗakin kada ta fito. Da dare, tufafi masu duhu sun fi, farar riga takan bayyana a gilashi kamar fatalwa a saman Big Ben. Idan wayarka na da tsarin ɗaukar bidiyo mai gaggauta lokaci, jingina ta wuri guda ka bar ta. Na'urar da ke tafiya a hankali ba tare da girgiza ba ita ce abin da masu ɗaukar fim ke kashe kuɗi su haya. Babu banɗaki a cikin ɗakin, kuma da an rufe ƙofa sai bayan rabin sa'a.

Idan ya tsaya kana sama fa?

Tambaya ce da ta dace, kuma ya taɓa faruwa. Ran 23 ga Disamba 2008, wutar lantarki ta haddasa gobara a ɗakin sarrafa Singapore Flyer, wilin ya tsaya cak da mutum 173 a ciki na kusan sa'a shida. Wasu da ke ɗakunan ƙasa-ƙasa sai da igiya aka sauko da su. Ƙarfen wilin bai yi komai ba, abin da ke ba shi umarni ne ya mutu. Sai da aka ƙara hanyoyin ko-ta-kwana masu zaman kansu kafin aka sake buɗe shi. Duk wanda ya taɓa ɗora shafi a kan sabar guda ɗaya ba tare da madadi ba ya san darasin: tsari yana faɗuwa ne ta wurin da komai ya rataya a kansa. A irin waɗannan manyan lilo, abin da ya fi yiwuwa ya same ka shi ne zaman jira a sama, shi ya sa ɗan ruwan sha da cajin waya ba su da laifi.

(Wannan lilo na Singafo yana da wani labarin: watanni kaɗan bayan buɗe shi aka sauya alƙiblar juyawarsa, bisa shawarar masana al'adar Sinawa ta tsara muhalli don jawo sa'a. Injiniya ya gama lissafinsa, mai duba ya zo ya ce a juya.)

Girma ma yana da nasa farashin. Ain Dubai, mai ɗakuna 48 da ke iya ɗaukar mutum 1,750 a lokaci guda, an buɗe shi a Oktoban 2021 a tsibirin Bluewaters. A Maris 2022 aka rufe shi da sunan aikin ingantawa, bai sake ɗaukar fasinja ba sai a Disamban 2024. A New York kuma an fara aikin wani a tsibirin Staten, aka zuba maƙudan kuɗi, aka watsar da shi a 2018 ba tare da wilin ya tashi ba.

To, ya cancanci kuɗin?

A 'yan shekarun nan tikitin babban mutum yana kamawa daga wajen fam 30 zuwa sama da 40, gwargwadon rana da lokaci da inda ka saya. Kamfanin Merlin Entertainments da ke tafiyar da wurin yana sauya farashi bisa yawan masu nema, kamar tikitin jirgi. Fam ɗaya ko fiye ke nan a kowane minti. Ka buga da canjin yau, sannan ka ninka da yawan iyalinka, za ka ga ba abin da za a shiga da ka ba ne. Ka saya daga shafin wurin na ainihi. Sakamakon farko da Google ke nuna maka sau da yawa talla ce ta 'yan tsakiya, wasu da ƙarin kuɗi a kai.

Idan burinka kawai ka hango Landan daga sama, akwai hanyoyin da suka fi sauƙi. Sky Garden, lambun da ke saman wani dogon bene a titin Fenchurch, kyauta ne idan ka yi rajista ta intanet tun da wuri, sai dai guraben na saurin ƙarewa. Benen Shard na kuɗi ne, amma wurin kallonsa ya kai mita 244, ya fi London Eye nesa ba kusa ba. Abin da bene ba zai ba ka ba shi ne sauyawar kallo. A lif, ka shiga a ƙasa ka fito a sama, abin da ke tsakani duhu ne. A wili kuwa kana gani Big Ben yana bisa kanka, ya dawo daidai idonka, ya koma ƙarƙashin ƙafarka, gine-ginen da ke ɓoye a bayan wasu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ga wanda ya zo garin karon farko, wannan rabin sa'ar tana zana masa taswirar birnin a ka fiye da yini guda a jirgin ƙarƙashin ƙasa. Don haka ni ina ganin ya dace a hau shi a ranar farko ko ta biyu, ba ranar komawa gida ba, kuma sau ɗaya ya isa.

Wanda aljihunsa bai kai ba, ko aka yi rashin sa'ar yanayi, ya sauka a tashar Waterloo ya taka 'yan mintoci zuwa bakin kogi. Tsayawa a ƙarƙashinsa ba a biyan ko kwabo. Daga lambun Jubilee za ka ga igiyoyin baya inda suka nutse cikin ƙasa, ka matsa gaba ka ga tayoyin da ke murza zoben, ka kuma zaɓi ɗaki ɗaya ka bi shi da ido yana mirginawa cikin zobbansa. Hoton wilin kansa kuwa, daga kan gadar Westminster ake ɗaukar mai kyau, domin wanda ke cikinsa ba ya ganin sa.